Injin da Ya Ƙi Ruwan Gwandu

Shekarar da ɗiyata ta fari ta dawo gida Gwandu wankan jego, wanki ya so ya fi ƙarfina. Jaririn nata, Allah ya raya shi, ba ya barin tsumma ya bushe a kan igiya. Ga kayan mai jego, ga na Malam maigidana, ga kuma wuyan hannuna na dama da ya daɗe yana yi mini ciwo in na zo matsa. Ban gaya wa kowa ba. Amma yayata da ke aure a Kalgo, wadda muke kira Adda, ta gani da idonta ranar suna. Ta same ni a bayan madafa ina murɗa zane da hannu ɗaya ina cije leɓe.

"Haka za ki yi har arba'in?" ta ce. "Zan aiko miki da injina na wanki."

Na san injin nan. Babban ɗanta ne ya saya mata, kuma tana lulluɓe shi da wani mayafi mai fure wanda ita kanta ba ta yafawa. In baƙuwa ta zo, sai ta ɗaga mayafin ta nuna mata kafin ma a kawo ruwa. Ni kuwa ko ludayi aka ba ni aro, ba na samun natsuwa sai na ga ya koma hannun mai shi. Na ce a'a, na gode, hannun ya yi sauƙi.

"Auta, ni za ki yi wa wannan? Ni na goya ki fa."

Ba a yi mako ba sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, injin a tsaye a baya cikin mayafinsa, an ɗaure shi da igiya kamar ragon layya. Aka shigo da shi tsakar gida, aka jingina shi da bangon ɗakin Malam, inda soket yake. Adda ta kira ni a waya ta koya mini. In zuba ruwa da bokiti, in sa garin sabulu kaɗan, in rufe murfi, in danna babban maɓalli. Zai wanke, ya zubar da ruwan da kansa, ya nemi na ɗauraya, sannan ya matse kayan. Ta faɗa, na maimaita, na ce ta sake faɗa, har ta ce kuɗin wayarta zai ƙare.

Bayan na ajiye wayar sai maganar nan ta "ya zubar da ruwan da kansa" ta tsaya mini a rai. Ya zubar a ina? Rariyar tsakar gidanmu lungu take fita, kuma lungun nan shi ne hanyar da mazan unguwa ke bi zuwa masallaci. Ruwan wankin kayan jariri kuwa kowa ya san abin da ke cikinsa. Tun da nake, ban taɓa sakinsa ta rariyar nan ba. A bokiti nake kwasa in kai makewayi, can da yake da raminsa a cikin gida. Na riƙa hango wani dattijo da alwalarsa, ya tako ruwan, ya fallatsa masa a bakin riga, ya je ya yi salla bai sani ba. Alhakin wa? Nawa.

Sai na yi dabara, har na ji daɗin kaina. Akwai wani tiyo mai kauri a gefen injin, ya zo a maƙale, bakinsa yana kallon sama. Na jawo tsohon duronmu na ƙarfe na ajiye kusa, na ɗaga tiyon na zura bakinsa a cikin duron, na ɗaure shi da igiya don kada ya zame. Ruwa ya taru a duro, ni kuma in kwashe a hankali. Babu wanda zai taka.

Na yi bismilla na danna. Injin ya yi wata 'yar ƙara, ya fara juya kayan, hagu, dama, hagu, dama. Mai jego ta leƙo ta taga tana dariya. Malam ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Ikon Allah, wanga abu ya fi ki haƙuri." Kumfa ta taso fara sol. Na zauna a kan kujera ina kallo, hannuna a cinya, abin da ban saba ba.

Can sai ya tsaya. Ya yi shiru. Daga nan ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit, wata jar wuta tana ƙyaftawa a fuskarsa. Na leƙa duro, ko ɗigo babu. Na buɗe murfi, ruwa na nan cike, kayan suna kwance a ciki. Na yi wuf na zare shi daga wuta.

"Na kashe shi," na ce. "Malam, na kashe wa Adda inji."

Malam mutum ne da ba ya ruɗewa, abin da ke ƙara ruɗa ni ke nan. Ya dubi ƙwan fitila na baranda ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi, ga shi nan ja kamar garwashi. A bari sai an kawo mai ƙarfi. Na kwashe ruwan da kwano, na ɗauraye kayan da hannu, na matse da hannun nan mai ciwo. Washegari wuta ta zo da ƙarfinta har fanka tana neman tashi sama. Muka sake gwadawa. Ya wanke tsaf, ya tsaya a daidai inda ya tsaya jiya, ya kama kukansa.

Daga nan kowa ya zama makaniki. Maƙwabciyata, wadda ta taɓa ganin irinsa a gidan 'yar uwarta a Birnin Kebbi, ta ce murfin ne bai zauna ba, injin nan in ya ji murfi a buɗe ba ya motsi. Muka danna murfin, muka ɗora masa dutsen niƙa ƙarami, bayan na shimfiɗa tawul biyu don kada ya ƙarje. Bai hana shi kuka ba. Mai jego ta ce na cika masa ciki ne, in rage kaya. Na rage har ya zama 'yan riguna na jariri kawai suna iyo kamar kifi. Haka dai. Malam ya ce ƙasar wurin ta karkace, ya yanko kwali ya cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya yana aunawa kamar magini. Da wannan ma bai yi ba, sai ya ce to tiyon ne ya toshe. Ya kwance shi daga jikin injin, ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya hura da baki har ya yi tari. Iska ta fita ta ɗaya gefen lafiya lau. Ya mayar, ni kuma na sake zura bakin a duro na ɗaure da kyau.

Malam ya so ya kwance bayan injin da sukudireba. Nan ne na tsaya a gabansa na buɗe hannuwa. Na ce in ya taɓa noti ɗaya, ni da shi sai a gaban Adda.

Aikina ya ninka. Da can wanki kawai nake yi, yanzu ga wanki, ga kwasar ruwa da kwano, ga goge inji, ga fargaba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ana cikin haka Adda ta kira.

"Ya injin, auta?"

"Yana nan, Adda."

"Hannun ya huta ko?"

Na ce jariri yana kuka, na kashe wayar. Jaririn kuwa barci yake yi abinsa. Ga amana na lalata, ga kuma na fara ɓoye-ɓoye. Da Malam ya dawo daga sallar la'asar na ce masa gobe za mu Kalgo, in kai mata kayanta in gaya mata da bakina. In ta yi fushi, ta yi a gabana.

Muka samo a-kori-kura, aka kwance tiyon daga duro aka maƙale shi a gefe yadda ya zo. Na ƙi zama a gaba. A baya na zauna na rungume injin, duk ramin da muka faɗa sai in ce wa direba ya ji tsoron Allah. Muka ratsa Birnin Kebbi mutane suna kallon wata mata rungume da abu cikin mayafi mai fure. Ina ta shirya maganar da zan faɗa, amma da muka isa na ga fuskar Adda, duk ta zube.

"Mi ya faru? Wa ya rasu?"

"Injinki ne, Adda. Yana wankewa, amma ba ya ƙarasawa. Wallahi ban buga shi ba, ban kuma bari Malam ya kwance shi ba."

Malam ya ce, "Shaida ne ni, ta kusa ta cije ni."

Adda ta ɗaga mayafin ta dubi injin. Ta sa aka sauke shi a mazauninsa na da, bakin rijiya, ta ce in je ɗaki in kwaso mata zannuwan da ke kan gado. Kafin in fito ta gama haɗa komai. Muka zuba ruwa, ta danna. Ni ban iya kallo ba, na juya baya ina ta salati. Na ji ya juya, na ji ya tsaya, na runtse ido ina jiran kukan. Sai na ji shaaa, ruwa yana gudu. Ya nemi na ɗauraya aka ba shi, ya ɗauraye, ya kama juyi da gudu har yana rawa, ya matse zannuwan nan kamar an shanya su rabin yini.

"To ina ciwon?" Adda ta ce.

Malam ya shafa gemu ya ce, "Na gane. Ruwan Gwandu ne ba ya so. Bakalge ne, ya saba da na gida."

Adda ta yi dariya har ta riƙe bakin rijiya. Ni dai ban yi ba. Na ce alhamdu lillahi, tunda yana da rai, a bar shi nan, ni na yafe. Ta ce ba ta san wannan ba. Ta shiga ta ɗauko gyale ta ce dama tana marmarin ganin jikanta, tare za mu koma, ta ga abin da Gwandu ke yi wa injinta.

Da muka iso gida aka ajiye shi inda yake, ta zauna a kujera ta karɓi jariri ta ce, "To, yi yadda kike yi, ina kallo. Kada ki tsallake komai."

Na goge shi. Na duba kwalin Malam yana nan a ƙarƙashin ƙafa. Na jawo duro, na ɗaga tiyo na zura a ciki, na ɗauko igiya na fara ɗauri.

"Tsaya. Mi kike yi haka?"

"Ina tara ruwan ne, Adda. Kada ya fita lungu."

Ta dube ni, ta dubi duron da ya kusa kai mini ƙirji, ta miƙa wa mai jego ɗanta don kada ta yar da shi. Sannan ta fashe. Ta yi dariya har hawaye, tana nuna tiyon ta kasa magana.

"Auta! Ruwa kike so ya hau bene? Wanga inji ba ya tura ruwa sama, sakinsa kawai yake yi ya gangara. In ba ki kwantar da tiyon a ƙasa ba, ta ina zai fita? Shi ya sa yake ta kiranki, ke kuma kina ɗora masa dutse a ka!"

Na ce ai a maƙale ya zo, bakinsa a sama. Ta ce wannan na tafiya ne da ajiya. Na ce ba ta gaya mini a waya ba. Ta ce ita ina ta san akwai mai rataye tiyo a duniya, ita da ƙafa ma take ture shi ƙasa ba ta ko dubawa. Malam ya ce shi dama tun farko ya yi zargin duron nan. Muka haɗa baki mu uku muka ce masa, "Malam!"

Amma na tsaya a kan maganata. Na ce ko injin zai shekara bai yi aiki ba, ruwan kayan jariri ba zai bi hanyar masallaci ba. Adda ta share hawayenta ta ce wannan kam gaskiyata ce. Ta tashi ta zaga gidan, ta tsaya a ƙofar makewayi ta ce a kawo shi nan. Malam ya samo doguwar wayar wuta a wurin maƙwabta, aka ɗora injin a kan bulo don ya ɗan ɗaga, aka kwantar da tiyon ya doshi rariyar makewayi mai zuwa rami. Ta ce ni zan danna.

Ya wanke. Ya tsaya. Na riƙe hannun Adda. Sai ruwan ya taho shaaa, ya bi inda aka nuna masa. Maƙwabciyata ta jiyo mu ta katanga ta rangaɗa guɗa, mutanen lungu suka ɗauka wata haihuwar aka sake yi.

Har aka yi arba'in injin bai sake yi mini kuka ba, hannuna kuma ya huta har na manta wanne ne mai ciwon. Duk da haka ban taɓa barinsa shi kaɗai ba. In yana aiki ina kusa a kan kujera, ina leƙa tiyo, ina leƙa rariya, wani lokacin har in fita lungu in tabbatar ƙasa a bushe take.

Ranar da za a mayar da shi na wanke mayafin mai fure na goge, na lulluɓe shi, na sake hawa bayan mota. A Kalgo na nuna wa Adda wani ɗan zane a kan murfin, siriri kamar gashi, na ce ina jin dutsen niƙan nan ne, duk da tawul biyun. Ta sunkuya ta duba, ta kira ni kusa, ta ce wannan ita ta yi shi da awarwaronta tun makon da aka sayo shi. Sai a lokacin na karɓi furar da ta dama mini, na shanye tas, na miƙa kwanon a ƙara.