Hoton Baba a Cikin Toka

Ina shekara ta uku da fara karatu a Masar, muna haya da abokai a unguwar Hay el-Sabi', gobarar daji ta cinye gonar Babanmu. Masu farautar gafiya ne suka cinna wuta, iska ta kwaso ta har kan dammunan dawar da ba a kai ga kwashewa ba. Ina cikin bas zan tafi darasi hotuna shida suka shigo wayata daga wurin Yayata. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Mutanen garinmu ba sa barin mutum ya zauna yana kallon asararsa. Washegari suka yi gayya, suka share toka, suka tone kututture, suka ta da shinge, kowa ya kawo ɗan abin da ya samu na hatsi. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai da ma'aikatan tallafin gwamnati suka zo duba ɓarna, gona suka tarar tas, kamar gobe za a yi shuka. Suka rubuta waɗanda suka bar tokarsu a ƙasa, suka tsallake Baba. Ba iri, ba taki, sai ya fara zancen jinginar da gonar, wadda kakanmu ya sare da hannunsa.

Raina ya ɓaci, dama ni ba a san ni da haƙuri ba. Na ce wa Yaya ta kai musu hotunan. Ta ce ai tun ranar Baba ya sa ta goge su, wai ba a adana hoton jarrabawar Allah. Ashe a wayata kaɗai suka rage.

Na kira Baba na zazzage masa duk abin da na karanta a kan halascin neman haƙƙi, har da Larabci. Ya saurara tsaf, ya ce Allah Ya ƙara ilimi, sannan ya tambaye ni ko ana sanyi a Masar. Kwana uku muna haka. A na huɗu na ajiye Larabcin, na ce in gonar ta tafi jingina, zan tattara littattafaina in dawo gida in yi ƙwadago har in fanso ta. Ya san in na faɗa zan aikata. Sai ya ce in aiko hotunan.

Na sa aka wanke su a wani shago kusa da gidanmu, tunda takarda ba ta goguwa da danna yatsa. Biyar na ba wani ɗan garinmu da zai tafi hutu. Na shidan na riƙe. Baba ne a ciki, zaune dirshan a toka, hula a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka, bai san ana ɗauka ba. Tun da nake ban taɓa ganin kansa babu hula a waje ba. Kunya ta hana ni aika shi, tausayi ma ya hana ni.

Ofishin suka mayar da biyar ɗin. Suka ce ƙonanniyar gona duk ɗaya take, ina shaidar cewa tasa ce? Ranar da Yaya ta gaya mini ban shiga darasi ba. Na hau mota zuwa unguwar Dokki, wurin wata Hajiya 'yar jiharmu da za ta tafi gida, na damƙa mata hoton na shida a cikin ambulan. Kafin in bar ƙofar gidanta na kira Baba na faɗa masa abin da ke ciki, ina jiran faɗa. Ya ce in koma karatuna.

Sunansa ya shiga cikin waɗanda za a ba tallafi. Aka ba shi iri da taki, gonar ba ta tafi jingina ba. Da na kira in yi masa murna, na tambaye shi yadda suka yi a ofishin.

Ya ce, "Yaron ofishin ya ɗaga hoton, ya dube ni, ya ce, 'Malam, anya kai ne wannan?' Sai na cire hulata na ajiye masa a kan tebur, na ce ya duba da kyau."