Mai Shan Jinin Da Ya Sa Na Taka Birki

Akwai wata safiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina tuƙa motar wani mai gonar dabino a unguwar Al-Awali, kuma kafin in wuce aiki nakan sauke babbar 'yata a jami'a, inda take karatun adabin Turawa.

Ranar tana bayan mota tana waya da ƙawarta, Larabci tana sirkawa da Hausa. Sai na ji ta ce, "Yarinyar kullum ramewa take, jininta yana ƙarewa. Amma fa ita take buɗe masa taga. Tana tsoronsa, tana kuma son ya zo, ta kasa faɗa wa kowa."

Nan take tunanina ya tafi gida. A watannin nan ƙanwarta ta rame, abinci sai an yi da gaske take ci, ga shi ɗakinta ne mai taga ta bakin titi. Ni da na tashi a Chadi ina jin labarin mayu, ban tsaya wani dogon tunani ba. Na gangara gefen titi kusa da masallacin Ƙiblatain, na taka birki.

Na ce, "Wane ne shi? Tun yaushe kika sani kika ɓoye mini?"

Ta zuba mini ido, can sai ta gane. Ta fashe da dariya ta ce, "Wallahi Baba riwaya ce, ƙagaggen labari! Tsohon littafi ne, na wani mai tashi daga kabari yana shan jini. A kansa nake bincike."

Na kifa kai a sitiyari, ba abin da nake maimaitawa sai alhamdulillahi. Da na dawo hayyacina ta yi mini bayani. Wai mutanen wancan zamanin kunya take hana su faɗin abin da ransu yake so, sai su danne shi, shi kuma ya dawo musu a siffar dodo. Ta ce, "Dodon a cikin zuciyarta yake, Baba."

Maganar ta bi ni har gona. Da la'asar na zaunar da ƙaramar, ban ɗaga murya ba, tambayarta kawai na yi. Da kyar ta ce karatun likitan da na matsa mata ne ba ta so, zanen gine-gine take so, tsorona ya hana ta faɗa. Na bar ta ta canza, ba a jima ba ta murmure.

Daga ranar na gane abin da yaro ya haɗiye ba mutuwa yake yi ba, cin sa yake a hankali. Shi ya sa yanzu nake fara tambaya kafin in yanke hukunci.