Kiyashi a Bayan Danga

A shekarar da aka sa mini rana, ba ni da aiki sai karatun littattafan da nake haya a kasuwar Gwiwa. Duk jarumin da na karanta, fuskar saurayina nake ɗora masa. Malamin firamare ne daga Roni, dogo, mai son farar shadda da turare. Idan na jiyo ƙarar babur ɗinsa da la'asar, sai in ji kamar ni ce yarinyar da ke bangon littafi. Yakan zo da alawar madara a leda, ni kuwa in miƙa wa autarmu, don ita ce mai kwaɗayi.

Da damina hangum ya bi yaran unguwarmu. Autar ta kumbura har wuya, aka shafa mata baƙin tukunya, ta warke, muka manta. Sai bayan kaka ta fara shan ruwa kamar za ta ƙarar da randa. Tana ci tana ramewa. Yarinyar da ta isa aike ta koma fitsarin kwance, kuma duk inda aka shanya tabarmarta kiyashi ke yin baƙi a wurin. Ranar da ta fara amai, numfashinta yana wani irin warin ruɓaɓɓen mangwaro, Baba ya ɗauki mota muka tafi asibiti a Kazaure.

Likitan ya ce ciwon suga ne, irin na yara. Inna ta juyo ta harare ni.

"Ke da alawar saurayinki!"

"Hajiya, ba alawa ba ce," in ji likitan. "Akwai wata 'yar gaɓa a bayan tumbi da ke yin sinadarin da ke sarrafa suga. Sojojin jikinta ne suka juya suka far wa gaɓar. Ta yi wani zazzaɓi a baya?"

Muka ce hangum. Ya gyaɗa kai, ya ce masana suna zargin ƙwayoyin bairos irin waɗannan kan ruɗa sojojin jiki, su fito yaƙi da baƙo su ƙare da dukan ɗan gida. Ya ce ba a gama tabbatarwa ba, kuma yara da yawa sun yi hangum ba abin da ya same su, sai wanda jikinsa dama ke da saurin ruɗewa. Allura dai za ta riƙa yi kullum.

Muka dawo da kwalaben allura, muka binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don sanyi. Ni na koyi yi mata a cinya.

Na ɗauka idan na ba saurayina labari zai ce, kamar yadda jarumai ke cewa, ciwonki nawa ne. Muna zaure na zayyana masa komai. Duk bayanin nan, kalma ɗaya ya tsinta.

"Kin ce jikinta dama yana da shi? To ai a jini yake ke nan."

"Likita ya ce ƙila hangum ne ya tayar da shi."

"Ƙila, ko?"

Auta ta kawo masa ruwa a kofi, tana murmushi. Ya karɓa da yatsu biyu ya ajiye a ƙasa. Har ya tafi bai sha ba.

Ana saura kaɗan a kawo lefe, sai ga gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, da hantsi. Bayan doguwar gaisuwa ta zaro gwangwanin madara daga jaka ta ajiye gaban Inna.

"Ba wani abu ba ne, 'yar'uwa. Amaryar tamu za ta ɗan zagaya ta sa mana a nan. Kiyashi ba ya ƙarya. In bai taru ba, shi ke nan, akwati na tafe."

Na ce a je asibiti a auna ni mana. Ta yi dariya har ina ganin goron da ya maƙale mata a haƙori.

"Asibitin da suka ce kumburin wuya ke kawo suga? Haba 'yar nan."

Inna ta sunkuyar da kai, ta ce mini a hankali, "Yi haƙuri ki yi, a rufa asiri." Na shiga bayi na yi. Har yau ina jin ɗumin gwangwanin nan a tafin hannuna, da yadda matar ta karɓa tana leƙa ciki kamar mai duba nono a kasuwa.

Ta fita da shi bayan gida. Na bi ta cikin gida na leƙa ta ramin danga, don ina son in ga ƙarshen wulakancin. Ashe ba ita kaɗai ta zo ba. Babur ɗinsa na jingine a gindin dalbejiya. Shi kuwa yana tsugune da farar shaddarsa, ya tattare ta a cinya, ya sa tsinke yana koro kiyashi zuwa inda aka zuba fitsarina. Ƙudaje na sauka a hannunsa. Ya kai fuska kusa da ƙasa, har ina ganin hancinsa na motsi.

"Gwaggo, kin ga suna kaucewa! Wallahi suna kaucewa!"

Turaren nan nasa da nake shinshina a mayafina ya biyo iska, haɗe da zarni, na dafe danga na yi amai.

Da la'asar ya dawo ya yi wanka, da leda a hannu, fuska fal murna.

"Ranki ya daɗe, kin ci jarrabawa. Sai dai ita auta, ba sai ta riƙa zuwar mana kwana ba, kin gane."

Na dubi yatsunsa da suka riƙe tsinken. Na ce ya jira ni. Na shiga na ɗauko gwangwanin da gwaggonsa ta yar, ko ɗauraya ban yi ba, na ɗora masa a kan ledar alawar.

"Ka kai wa wadda za ku auna a gaba."

Baba ya yi faɗa kwana biyu, sannan ya aika Roni da kayan sa rana. Da magariba ta yi na tono kwalba daga yashi, na kira auta ta kawo cinyarta.