Masarar da Muka Bari da Yunwa

Shekarar da korona ta zo, ɗana na fari yana ajin ƙarshe a jami'a, yana karanta aikin gona. Aka rufe makarantu, ya dawo mana Kafin Dafga da jakarsa da katifa a naɗe. Mun ɗauka hutun 'yan makonni ne. Har na yi murna a raina, don ya rame, na ce bari ya ci tuwon gida ya murmure.

Ana gab da faɗuwar damina malaminsa ya kira shi a waya. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin sa yana ta "to, Malam, to, Malam", muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Da ya gama, wurin mahaifinsa ya je ya gaya masa, ni ta bayan labule na ji. Irin tarbiyyar da na taso da ita a Gwangwan, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. "Yaron nan" nake ce masa har yau.

Malamin ya ce an zaftare kuɗin da ake ba makarantar. Gonar da ɗalibai suke gwaji a cikinta bana ba za a nome ta ba, babu man tarakta, an sallami leburori. Duk wanda bai yi gwajinsa na kammala karatu a wannan daminar ba sai ya maimaita shekara, ga shi kuma an ƙara kuɗin makaranta daga sabuwar shekarar. Maigidana tela ne, a shekarar da babu biki babu suna, Sallah ma a gida aka yi ta. Ko keken ɗinkin muka sayar ba zai kai ba. Maimaita shekara a wurinmu barin karatun ne baki ɗaya. Na yi ta mamakin mutanen da suka ga duniya a rufe, kasuwa a rufe, suka ga lokacin ƙarin kuɗi ya yi. Allah ya saka wa malamin nan da alheri, shi ya ce mai gona a gida ya yi gwajin a can, ya riƙa turo masa hotuna da awo, zai karɓa.

Maigidana da wansa ba su raba gonar gado ba, wan ne yake riƙe da ita. Yaya nake ce masa, yara kuma Baffa. Mutum ne mai zafi, amma hannunsa a buɗe yake. Da jin bayani ya yanka wa yaron fili mai kyau a bakin hanyar Yammedi, ya ce, "Ga ta nan. Nuna mana abin da kuka karanto."

Yaron ya kafa turaku, ya ja igiya, ya raba filin fegi-fegi, ya shuka masara iri ɗaya rana ɗaya. Wasu fegin ya sa musu takin zamani, wasu kashin shanu, wasu ya haɗa musu biyun. Wasu kuwa bai sa musu komai ba, kuma haka za su zauna har girbi, don da su za a gwada sauran. In taki ya taɓa su, aikin ya lalace.

Da masara ta kai gwiwa sai bambanci ya fito. Ga kore shar, ga na kusa da ita rawaya, siririya, kamar mai jinya. A bakin hanya kuma, kowa yana gani. Yaron ya shigo gida da yamma yana ba ƙannensa labari yana dariyar yaƙe. Wani mai amalanke ya tsaya ya ce masa, "Dakta, wannan azumi take yi ne?" Wani ya ce, "Shekara nawa ka yi a jami'a kafin ka iya kashe masara? Mu kyauta muke kashewa." Abokan Yaya a majalisa suka riƙa tambayarsa ko talauci ne ya kama gidan, a yi musu karo-karo.

Ni ma na gan ta, ranar da muke dawowa daga gaisuwar mutuwa. Wallahi sai da ta ba ni tausayi. Ni ko kaza ba na iya gani da yunwa. Amma na tuna muna sakandare, malamar kimiyya ta sa mun shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a taga, ɗaya a cikin akwati mai duhu. Na duhun ya fito fari, dogo, ba ƙarfi, kuma shi ne ya nuna mana aikin rana. Na gane abin da yaron yake yi, na yi shiru da bakina.

Da aka sassauta dokar kulle, malamin ya ce ya shigo Kano ya gan shi. Ya tafi. Washegari da hantsi, an yi ruwa ƙasa ta jiƙu, maigidana ya tafi Karaye sayen zare, sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

"Ke, albishirinki. Wan mijinki ya sayar da akuya ya sayo buhun taki. Ga shi can ya ɗora a kan mashin, wai zai fitar da ku kunya kafin ɗan boko ya dawo."

Na kira yaron, wayarsa ba ta shiga. Na kira mahaifinsa, tana ta ringi bai ɗauka ba. Na tsaya da ludayi a hannu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka gonar nan ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli Yaya ba, in zai shigo ma ɗaki nake shigewa. Na sauke tukunya, na sa hijabi, na yi bisimilla na fita.

Na tarar ya kwance bakin buhu, ya cika kwano, yana tsaye a bakin fegin farko. Na tsallaka igiya na zauna a ƙasa a tsakiyar masarar, cikin laka.

"Ina kwana, Yaya."

Ya dube ni kamar ya ga aljana. "Lafiya lau. Mutuwa aka yi?"

"Ba a yi ba. Don Allah, Yaya, kada ka zuba."

"Ke kika aiko kanki, ko ƙanena ne ya turo ki?"

"Ni na zo."

"To tashi ki koma gida. Gona ba ɗakin girki ba ce." Ya nuna masarar da kwanon. "Dubi abin nan. Halittar Allah ce, tana jin ƙishi tana jin yunwa. Ga ƙasa, ga ruwa, ga taki, a bar ta ta mutu da gangan? Wannan almubazzaranci ne. Ke da kike zuwa Islamiyya ai kin fi ni sani."

"Na sani, Yaya. Ni ma tana ba ni tausayi. Amma in ka zuba, sai ya maimaita shekara, kuma ka san ba mu da abin biya."

"Wace irin makaranta ce za ta kayar da yaro don masararsa ta yi kyau?"

"Ba kyau aka ce ya kawo ba, bambanci aka ce ya auna. In duk suka ƙoshi, da me zai gwada?"

Mutane sun fara tsayawa a hanya. Mai amalanken nan ma yana ciki. Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Yau ga uwa tana tare wa ɗan fari faɗa a bainar jama'a. 'Yar nan, ina kunyar taki?"

Maganar ta shige ni. Na ce, "Inna, tana nan. Amma waɗanda suka ƙara kuɗin ba su ji kunyar kowa ba, ni ba zan zauna a ɗaki ina jin kunya karatunsa ya zube ba."

Yaya ya ce, "Akuyata na sayar saboda ku."

"Allah ya saka da alheri, ya mayar da ninkinta. Ga dawarka can tana so. Nan kam sai dai ka zuba a kaina."

Wani ya yi dariya daga hanya, ya ce, "Zuba mata, Alhaji, ko ta ƙara tsawo!" Yaya bai yi dariya ba. Ya dubi mutanen hanya, ya dubi kwanon. Can ya juye takin cikin buhu, ya ɗaure, ya ɗora a mashin. Ya ce, "Gonar ubana ce ta zama wurin kallo. Ba komai." Ya tafi. Ban tashi ba sai da ƙarar mashin ɗin ta ɓace. Na dawo gida zanina duk laka, na yi alwala na yi nafila ina kuka, ban san ko na tsoro ba ne ko na me.

Maigidana ya dawo ya riga ya ji a hanya. Bai yi faɗa ba, ya ce dai in shirya mu je in ba Yaya haƙuri. Na ce zan je in gaishe shi, in ce ya yafe mini ɗaga murya in na ɗaga. Amma in ce na yi kuskure da na zauna a wurin, wannan ƙarya ce, ba zan yi ta ba. Ya ce to ai ba haƙuri ke nan ba. Na ce shi nake da shi. Ba mu je ba.

Yaron ya dawo, ƙannensa suka rige-rigen ba shi labari. Ya zo bakin ƙofar ɗakina ya durƙusa. Na ce ya tashi ya je ya ci abinci, kuma gobe ya je ya gaishe da baffansa, kada in ji ya canja masa fuska.

Da kaka ya girbe kowane fegi daban, ya shanya daban, ya auna daban. Na yunwar nan 'yan guntaye ne, wasu rabinsu babu ƙwaya. Ya rubuta aikinsa, da aka buɗe makaranta ya kai, malamai suka yi masa tambayoyi suka karɓa. Ya fito tare da 'yan ajinsa, sabon kuɗin nan ko kwabo ba mu biya ba.

Yaya kuwa har gobe cewa yake ɓarna aka yi, kuma ni na ɗaure mata gindi. Al'adar gidan ce duk Juma'a in aika masa tuwo. Tun daga ranar yake dawo da kwanon a rufe yadda ya je, sai da aka yi damina biyu kafin ya fara dawowa a wanke. Ban ba shi haƙurin da yake so ba, ban kuma fasa aikawa ba ko Juma'a ɗaya.