Allon Motar Baffa

Wanda Ya ba mu aron Baffa Ya karɓi abinsa ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Mu ma nasa ne, kuma can muka nufa. An yi masa sutura a ranar. Jama'a ta cika layinmu har ta toshe titi, na kuma lura cewa rabin mutanen nan sun taɓa shiga motarsa, sauran rabin kuwa sun taɓa tura ta.

Baffa, yayan mahaifina, ni ce 'yarka mai baki, wadda ka ce ko a kwalba aka toshe ta sai ta yi magana. An ce in rubuta wani abu a kanka. Na zauna da niyyar yin rubutu mai natsuwa irin na manya, amma duk inda na taɓo a rayuwarka sai in tarar ka riga ka bar abin dariya a wurin. Ka yi haƙuri, yadda ka zauna da mu haka zan rubuta ka.

Motarka ta girme ni. Ƙofar baya ta hagu daga waje kawai take buɗuwa, ta dama kuma daga ciki, saboda haka duk wanda ya shiga sai ya koyi zaman lafiya da na kusa da shi. Amma ban san motar da ta yi wa unguwa aiki kamarta ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko tsofaffi daga layin karɓar magani, ta kwashi ɗalibai ranar jarrabawa, ba ka taɓa tambayar kowa komai ba sai dai ko ya iya turi. Ni kaina tun da na fara aiki a asibiti kai kake sauke ni kullum safe kafin ka wuce shagonka na fenti. Ka ce hanya ɗaya ce. Ba hanya ɗaya ba ce, Baffa, na sani tun ranar farko.

Abu ɗaya ne ya tsaya mana a rai duk tsawon shekarun nan, kai da Baba ba kwa magana. Sanadin kuwa abin kunya ne a faɗa wa baƙo. Tun ina 'yar firamare Baba ya ari motar nan ya dawo da ita da lotsawa a ƙofar gaba. Ka ce shi ya buga, ya ce haka ya karɓe ta, ka kira shi maƙaryaci a gaban mutane, shi ke nan. Ka rantse sai ya amsa laifinsa, ya rantse sai ka janye kalmarka. Don kada ku ɗauki zunubin gaba sai kuka fito da dabara: in kun haɗu ka yi sallama, ya amsa, kowa ya juya ya kama kallon bango. Sauran zance kuma ta bakina yake bi, ki gaya wa ubanki kaza, ki gaya wa Baffanki kaza. Lotsawar nan kuwa ka ƙi gyara ta, ka ƙi ko shafa mata fenti duk da fenti kake sayarwa, ka ce shaida ce. Muna dariya a bayan idonku, amma wallahi tsoro muke ji. Kun tsufa, shi ga hawan jini, kai ga ciwon suga, kullum fargabarmu kada ɗayanku ya rufe ido ba ku shirya ba.

Bara ne Yaya, babban ɗanka, ya zo hutu ya gan ka kana amsa waya kana tuƙi, hannu ɗaya a kunne, ɗaya kana nuna wa wanda ba ya ganinka hanya, gwiwa ce ke riƙe da sitiyari. Washegari ya sayo allo irin na motocin zamani, wanda ake haɗawa da waya a taɓa shi da yatsa, ya ja ka har garejin mai lantarkin mota. An ciro tsohuwar rediyonka da kaset ɗin da ya maƙale a cikinta tun ban san yaushe ba. Sai aka ga ramin ya yi wa allon kaɗan. Da mai lantarki ya ɗauko zarto ya fara yanka gaban motar, in ji Yaya, sai ka dafe ƙirji ka juya baya kana salati. Da aka gama ka nemi guntun robar da aka yanke, ka hure shi, ka sa a aljihu.

Aikin bai zo da sauƙi ba, don wayoyin motar nan kowace da ra'ayinta. Ranar farko in ka sa ribas waifar share gilashi ce ke tashi, in ka danna hon allo ya ɗauke. An gyara waɗannan. Kyamarar baya kuwa a kife aka ɗaura ta, duk wanda ke bayanka da ka yake tafiya. Ka hana a taɓa ta, ka ce kai dai da wuyanka za ka ci gaba da waiwaye, wannan kuma a bar wa jikoki su riƙa kallo.

Babbar rigimarka da matar nan ce mai magana a taswira, wadda ka raɗa wa suna Malama. Ta ce ka bi dama, ka ce ba a haife ta ba lokacin da aka yi titin. Ta ce ka rage gudu, ka ce ta nuna maka gudun. Ranar da ta nace sai ka shiga wani lungu da aka haƙa wa kwalbati, ka taka birki ka dube ni ka ce in rufe mata baki. Na rage muryar allon har ƙasa. Daga ranar motar ta koma shiru, sai ƙarar inji da muryarka.

To, kana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa shiga motarka ya sani. In an zo hawan gada ta fara tari, sai ka miƙa tafin hannu ka bubbuga gabanta kana lallashi, daure, daure, saura kaɗan. Yanzu kuma daidai inda kake bubbugawar nan allo ne. Yaya ya jera hotunan mutum uku a gefensa saboda ko-ta-kwana, taɓawa ɗaya kira ya tafi: Inna matarka, shi kansa, sai Baba a can ƙasa, daidai inda hannunka ke sauka. Wata safiya muna hawa ka bubbuga, sai na ga fuskar ubana ta cika allo, an ɗauka, lokaci ya fara tafiya. Babu ƙarar da ta fito tunda murya a rufe take, kai kuma ba ka ganin na kusa sai da tabarau. Na buɗe baki zan yi magana, sai a karo na farko a rayuwata na mayar da shi na rufe. Ban ga laifina ba, ba kuma zan ba kowa haƙuri ba.

Mama ce ta ba ni labarin ɓangaren gida. Ta ce da Baba ya ga sunanka a waya tsaye ya miƙe kafin ya ɗauka. Ya yi ta sallama ba amsa, sai gurnanin mota da muryarka kana gaya mini cewa kan ubana ya fi injin nan tauri. Da yamma ya tare ni a ƙofa, na yi masa bayani cewa shi yana jinka, kai ba ka jinsa. Na ɗauka zai ce a cire hotonsa. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, “Ki bar shi. Ina so in ji iyakar sharrinsa.”

Daga nan gidanmu ya samu sabon shiri na safe. Mutumin da bai taɓa sanin inda wayarsa ta kwana ba, shi ne yake cika ta da caji, ya jingina ta da gwangwanin sukari, ya haɗa shayi ya zauna jira. Kana fara magana shi ma ya fara. Ka ce tun yana yaro shi mai ɓarna ne, ya ce ƙarya ne. Ka ce bai iya ribas ba, ya ce wa ya koya maka fakin. Mama ta ce har maƙwabta sun fara tambaya ko da wa yake faɗa da sassafe. Ranar da ba ka fita ba kuwa kowa a gidan sai ya sha masifa, har kyanwa.

Amma ba zagi kaɗai yake ji ba. Wani lokaci in mun sauka daga gadar sai muryarka ta yi ƙasa, ka tambaye ni ko yana shan maganinsa, ko har yanzu yana zuba gishiri a ɓoye, ka ƙara da cewa kada in ce kai ka tambaya. Ka ba ni labarin yadda kake goya shi a keke zuwa makaranta yana barci a bayanka, ka ɗaure shi da rawaninka don kada ya faɗo. Ka ce ranar da mahaifinku zai rasu hannun Baba ya kama ya sa a naka. A irin waɗannan ranakun, in ji Mama, Baba ba ya mayar da ko kalma, shayin ma a nan yake hucewa.

An ɗauki watanni a haka. Rannan muna hawan gada ka bubbuga kamar kullum, sai ƙarar kira ta fashe a cikin motar ta duk sifikun da suka rage da rai. Na kai hannu zan kashe, ka ce in daina taɓa maka kaya. Aka ɗauka. Muka ji an kurɓi shayi da ƙarfi, sannan muryar Baba, a sake, irin ta wanda ya tabbata ba mai jinsa:

“To, babban wa sarkin riƙo, bismilla. Yau ma ƙofar ce? Ni na buga ta. Jikin turken wuta na goga ta ina kallon wani mai keke. In ka isa ka zo ka kama ni.”

Ashe ya daɗe yana faɗin haka kowace safiya, don ya ji sanyi a ransa. Ka tsayar da mota a tsakiyar gada, na baya suna ta hon, ka matsa kusa da allon ka ce, “Ga ni nan zuwa.” Abin da muka ji daga can shi ne faɗuwar kofi.

Ranar ban je aiki ba. Ka juya kan mota, Malamar taswira da ta samu baki tana ta cewa mun saki hanya, ba wanda ya kula ta. Mun tarar da Baba a ƙofar gida da singileti, takalmi ƙafa ɗaya. Na zaci za ku rungumi juna. Ina, ba ku ba. Wajen ƙofar motar kuka nufa, kuka durƙusa kuna duba lotsawar, Baba yana cewa lokacin da ya dawo da ita ba ta kai haka girma ba, kai kana cewa ko gashi ba ta ƙaru ba. Kuka yi ta musu har rana ta take, ni da Mama muna kicin muna kuka muna dariya, don ban taɓa jin hayaniya mai daɗin wannan ba. A ƙarshe ka ce kai ma bai kamata ka kira shi maƙaryaci a gaban mutane ba, ko da yake maƙaryacin ne. Ya ce ya karɓa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. An kore ni daga kujerar gaba na koma baya, Baba ya gaje ta, yana raka ka shago ba aikin fari balle na baƙi. Ku biyu kuka haɗu a kan Malama har sai da na fara tausayinta. Da ciwo ya kwantar da kai, da hannunka ka miƙa masa makullin motar, ka ce ya kai ka asibiti, ya kuma kula da turakun wuta. Shi ya zauna a gefen gadonka har ƙarshe, shi ya laƙƙana maka kalmar shahada, ka kuwa amsa.

Muna zaman karɓar gaisuwa sai ga mai lantarkin nan ya zo. Bayan ya yi addu'a ya ce akwai abin da yake ganin ya kamata Baba ya sani. Ya ce tun makon farko ka koma garejinsa da tabarau a hanci, ka tambaye shi me ya sa hoton ƙaninka yake cika allo duk safiya. Ya yi maka bayani dalla-dalla, ya ce bari ya matsar da hoton. Ka riƙe masa hannu ka ce ya bar shi inda yake. Sai kuma ana gobe za ku shirya ka sake komawa, ka ce ya nuna maka inda ake ƙara murya, ka yi ta gwadawa har ka iya.

Baba ya ɗago kai ya ce, “Wato duk zagin nan da tsohon nan ya yi mini, yana sane ina ji?” Ya fara dariya, kafaɗunsa suna rawa, muka taya shi. Can muka ga dariyar ta ƙi tsayawa, ya ja hularsa ya rufe fuska. Tun da aka yi rasuwar bai zubar da hawaye ba sai a lokacin.

Baffa, ka iya abinka. Ka bar mu muna ganin mu ne masu wayo, alhali kai kake tuƙa mu gaba ɗaya. Na yi kewarka ƙwarai, kuma na gode da ba ka tafi ka bar ubana da nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Allah Ya jiƙanka da rahamarsa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa duk wanda ka taɓa rage wa hanya ya zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Yaya da ƙannensa, da jikoki, da dukan dangi da maƙwabta. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Baba kuwa, wanda ya fi kowa rashi, Allah Ya ba shi dangana, Ya ƙara masa lafiya, in lokaci ya yi Ya sada ku a Aljanna ku ƙarasa musunku. Amin.