Kwanon abokina da bangon ɗakin Inna

Shekarun baya can, bayan farin nan da ya kwashe mana shanu ya bar mu da igiyoyi, gari ya fara farfaɗowa, sai hukuma ta yanka sababbin filaye a gefen unguwarmu a Magariya. Gidanmu ne na ƙarshe a lokacin, bayansa ba komai sai tumfafiya da awaki. Filin da ya manne da mu abokina ne ya same shi, wanda muka tashi tare tun muna yawo ba wando. Wallahi na fi shi murna.

Shi ɗan kasuwa ne, yana sayo kaya daga Kano, kuma Allah ya buɗa masa. Da ya tashi gini ya ce shi ba ruwansa da azara da laka, kwano zai rufa. Shi ne na farko a unguwar. Ranar rufi mutane suka taru suna kallo, ni kuwa ina ƙasa ina miƙa wa kafinta kwanon ɗaya bayan ɗaya, baki har kunne. Gangaren bayan rufin ya fuskanci bangon ɗakin mahaifiyata, tsakaninsu wani ɗan lungu da akuya mai ciki ba za ta wuce ba. Duk taron nan babu wanda ya tambayi inda ruwa zai zuba. Mun daɗe ba mu ga ruwan kirki ba, har mun manta halinsa.

Ruwan farko ya tuna mana. Rufin ƙasa yana riƙe ruwa ya sake shi a hankali ta indararo, wuri guda. Kwano kuwa ba ya riƙe ko ɗigo, abin da ya sauka duk sai ya watso shi lokaci ɗaya. Da na leƙa lungun bayan an ɗauke, na tarar gindin bangon Inna ya zaizaye, hannuna yana shiga.

Ɗakin nan mahaifina ya gina shi da hannunsa kafin ya rasu, a ciki take kwana, a ciki take wuni tana kaɗin auduga. Na je na sami abokina a ƙofar gida.

Na ce, “Kai, kwanonka zai kayar wa Inna ɗaki.”

Ya zo ya duba. Ya ce, “Bari mu zuba duwatsu, mu sake yaɓe. Inna ai uwata ce.”

Na ce, “Duwatsu? Juya rufin za ka yi.”

Ya ce, “Haba mutumina, kwano tabarma ne da zan naɗe in shimfiɗa wani wuri? Ka san abin da ya ci kuwa?”

Ni mutum ne mai saurin hawa, waɗanda suka san ni sun sani. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba, shi ma bai bar ni haka ba. Daga ranar gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Na fara da biro, wato ofishin waɗanda suka yanka filayen. Ma'aikacin ya saurare ni da kyau, ya tambaye ni ko ginin ya tsallake borni, wato dutsen iyakar da suka kafa. Na ce gini bai tsallake ba, ruwa ne ke tsallakewa. Ya yi dariya ya ce su ƙasa suka auna, maganar ruwa sai mai unguwa.

Dokar unguwarmu tsohuwa ce kuma kowa ya san ta: indararonka ya zuba a tsakar gidanka ko a kan hanya, ba a jikin ginin maƙwabci ba. To amma da muka zauna a zauren mai unguwa, dattawa suka rabu. Wasu suka ce ai wannan rufi ba shi da indararo, da me za a kama shi? Wasu suka ce rufin gaba ɗayansa indararo ne. Aka yi ta ja, ni ina zaune kamar a kan ƙaya. Mai unguwa ya gaji, ya ɗauki sandarsa ya ce a je a gani. Ya sa aka hau da garwar ruwa aka kwara a kan kwanon. Ruwan ya sauko ya daki bangon Inna a gaban kowa.

Ya ce, “To, ga shi nan. Wannan rufi za a juya shi, ya zuba a gidan mai shi.”

Na fara godiya, sai ya ɗaga mini hannu.

“Amma ba a buɗe wa mutum rufi da damina. Tun kakanninmu ba a yi. Sai an yi kaka.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, bangon nan ba zai kai kaka ba.”

Ya ce, “Sai ka fitar da tsohuwa daga ciki kafin nan.”

Faɗa da baki ba wuya. Na durƙusa gaban Inna na roƙe ta ta koma ɗakin matata. Ko ɗago kai ba ta yi daga mazarinta ba.

Ta ce, “In kwana ɗakin suruka? Ina raye? Wanda ya gina ɗakin nan ya san abin da ya gina. Tashi ka ba ni wuri.”

Daga nan zama ya gagare ni. Na jera duwatsu, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsu. Na jingina zana, ta jiƙe ta riƙe danshi a jikin bangon, ta ƙara ɓata lamarin. Na haƙa ƴar hanya a lungun don ruwan ya fita, yashi ya cike ta. In ina gona a hanyar Waca, rabin aikin kallon gabas nake yi. Da hadari ya haɗo sai in yar da hauya in kama gudu, wani lokaci in iso gida ina haki hadarin ya watse, matata ta dube ni ta ce, “Yau ma kai ka kore shi?”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masallaci. Ni da na sha fita roƙon ruwa shekarun fari har da hawaye, ga gerona yana neman ruwa, amma in liman ya roƙi Allah ya ƙaro mana, sai amin ta tsaya mini a maƙogwaro. Kunya nake ji ƙwarai, kuma ban iya faɗa wa kowa ba.

Sai marka ta kama. Ruwa ya wuni yana zuba, ya kwana, ya sake wuni. Bayan azahar na shiga ɗakin Inna, na ga tsaga ta taso daga ƙasa har kusa da azara, ƙasa tana zubowa kan tabarmarta kaɗan-kaɗan. Na ce ta fito, ta ƙi. Na ce zan ɗauke ta, ta ce in na taɓa ta ba ta yafe ba. Na fita, na dawo, na sake fita. Matar abokina ta leƙo ta katanga da jaririnta a goye ta tambayi lafiya, matata ta gaya mata. Ni ko kallonta ban yi ba.

Ina tsaye a bakin lungun ruwa na dukana, ban san abin da zan yi ba, sai na ji ƙarar guduma a sama. Na ɗaga kai. Abokina ne a kan rufinsa, ba riga, ba takalmi, yana zare kusoshi. Kwano jiƙaƙƙe santsi gare shi, ƙafarsa ta zame ya dafe da gwiwa ya ci gaba. Ya ɓamɓare na farko ya jefa tsakar gidansa.

Na ɗaga murya na ce, “Kai! Ka haukace ne? Kayanka na ciki!”

Ya ce, “In ba za ka riƙe mini tsani ba, rufe mini baki!”

Na zaga da gudu na riƙe tsanin. Daga inda nake ina kallon cikin ɗakinsa ta ƙofa, ruwa na zuba kan gadon matarsa, kan buhunan sukarin da ya kawo bai kai kasuwa ba. Ita tana ta jan abin da za ta iya ja, matata na taya ta. Bai sauko ba sai da ya cire duk gefen da ke zuba wajenmu. Gefen kwano ya yanke shi a tafin hannu, jini na bin ruwa. Da na koma lungun, sai yayyafin sama kawai ke taɓa bangon.

Inna ta fito bakin ƙofarta, ta dubi ramin da ke rufin maƙwabcinta, ta dube mu mu biyu muna ɗigar ruwa.

Ta ce da ni, “Kai kuma ka tsaya kana kallonsa? Je ka shigo mini da yarinyar nan da ɗanta, sanyi zai kama su.”

A ɗakin Inna matarsa da jaririn suka ƙarasa damina, bayan mun tokare bangon da itace. Shi kuwa muka raba zaure ni da shi. Da kaka ta yi aka juya rufin yadda mai unguwa ya ce, muka sake gina gindin bangon tare. Ɗakin bai faɗi ba, a cikinsa Inna ta cika bayan shekaru masu yawa.

Har yau ban ce hukuncin mai unguwa kuskure ne ba. Dokar ta ba ni gaskiya, ta kuma hana a bar iyalin wani a ruwa, duka biyun daidai ne. Sai dai da a kanta kaɗai muka tsaya, ban san abin da zan tono daga ƙarƙashin ƙasar nan ba. Abokina ya riga ni tafiya, Allah ya jiƙansa ya jiƙan Inna. Ranar da muka yi masa wanka ni na riƙe hannunsa na dama, tabon yana nan.