Malama Je-ki-gani da Ɗakuna Biyu na Asibiti

Kun sha wuce ta, kada ku ce ba ku gan ta ba. Duk ranar taron iyaye ta gaban ofishinta kuke bi, wannan ɗan ɗakin da ke maƙale a ƙarshen baranda, ku zarce wajen shugaban makaranta kuna tambayar na nawa yaronku ya zo. Ko sau ɗaya kun leƙa kun ce mata sannu da aiki? Shekara talatin da ɗaya tana wurin, ƙarshen wannan zangon za ta yi ritaya, amma da yawanku ko aikinta ba ku sani ba. To, yau sai kun ji!

Ita ce malamar da ke ba ɗalibai shawara kan karatu da sana'a. Malama Je-ki-gani suke kiranta, har mazan ma. Bakwai da kwata ta buɗe ƙofa, ta kakkaɓe kujeru, ta tokare taga da tsohuwar rula. Ba ta da aji, ba ta da bulala. Dukiyarta wani littafi ne mai baƙin bango cike da lambobin waya: makaniki, lauya, mai gwajin jini, da wani matuƙin jirgin sama guda ɗaya da take ji da shi. Idan yaro ya ce zai zama kaza, ba ta yi masa wa'azi. Waya take ɗagawa ta samo masa wuni guda kusa da mai wannan aikin, ta ce ya je ya gani, ya dawo su yi magana.

A gidanmu muka ga amfanin wannan. Babbar yayarmu ta yi fama da ciwon damuwa bayan haihuwarta ta fari. Ta daina ci, ta daina barci, ko jaririn ba ta iya kallo. Aka kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan magani, ta dawo hayyacinta. Tun daga nan Auta, ƙanwarmu, ta rantse sai ta zama likitan ƙwaƙwalwa. Baba kuwa kafinta ne, bai ɓata lokaci ba: ya goge katako, ya sassaƙa "Likita" a jiki, ya rataye a shagonsa yana jiran ranar.

Da lokacin cike fom na shiga jami'a ya zo, Auta ta zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam. Duk gidan muka ce daidai ne, har da ni da aka ba wa fom ɗin in duba. Saura kwana huɗu a rufe gyara Malama ta kira ta, domin kowane fom sai ta karanta shi layi-layi.

"Auta, me kika ce za ki zama?"

"Likitan ƙwaƙwalwa, Malama."

"Mai rubuta magani?"

"Eh mana."

"Wa ya duba miki wannan?"

"Yayana."

"Ki gaishe shi. Ki ce ya saka ki a motar da ba ta zuwa garinku."

Sai ta zaunar da ita ta warware mata. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne tukuna. Sai ya yi karatun likitanci gaba ɗayansa, shekara shida ko kusa da haka, da jini da gawa da ɗakin haihuwa, ya yi aikin koyo, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a kan ciwon hankali. Shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mutum a asibiti. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa ba ta makarantar likitanci yake bi ba. Tunani da ɗabi'a yake karanta, ya ƙara digiri na biyu da horo in yana son duba marasa lafiya. Kayan aikinsa gwaji ne da tambaya da saurare, kuma a mafi yawan wurare ba ya rubuta ko ƙwaya ɗaya. Da Auta ta tafi a haka, sai ta ci shekara huɗu tana jiran farar rigar da ba ta kan hanyarta!

Da wani malamin ne, sai ya ce ta canza fom kawai, an gama. Malama littafinta ta buɗe.

Washegari Auta ta wuni a asibiti, da izinin marasa lafiyar. Da safe tana ɗakin likita: layi har baranda, likitar tana auna hawan jini, tana duba rawar hannu, ta rage wa wannan magani, ta tura wancan gwajin jini. Aka shigo da wani mutum a ɗaure, ta sa aka kwance shi nan take. Da rana aka kai Auta wani ɗaki da babu gado, babu allura, sai kujeru da agogon bango. Masanin ya yi minti hamsin da wani direban tanka wanda tun da ya yi hatsari hannunsa ba ya iya riƙe sitiyari. Aikin gidan da ya ba shi: ya shiga motar da ke tsaye, ya zauna minti biyar, ya rubuto abin da ya ji.

Auta ta dawo gida tana ta zuba labari. Sai babbar yaya ta yi dariya ta ce, "Mai agogon bango? Ai mako goma sha biyu na yi ina zuwa wurinsa. Ku kuna cewa karɓar magani na tafi. Magani ne ya tashe ni daga gado, amma a wancan ɗakin na koyi ɗaukar ɗana ba tsoro."

Auta ta ce ɗakin nan take so, ba za ta taɓa fom ɗinta ba. Zaɓin bai canza ba, amma yanzu da ido biyu ta yi shi. Saura Baba. Malama da ƙafarta ta je shagon.

"Malama, ni fa na riga na gaya wa duniya."

"Baban Auta, duniyar ce za ta yi karatun?"

"Za ta yi allura?"

"Ko sauro ba za ta soka ba."

"To aikin me ke nan? Hira?"

"In an kawo maka kujera mai girgiɗi, ƙusa kake fara bugawa?"

"Haba! Sai na zauna a kai na ji inda take kuka."

"Yauwa. Wata ƙusa take so, wata kuma sai an bi gaɓa-gaɓa. Ita 'yarka ta gaɓa-gaɓa ce."

Baba ya fashe da dariya, ya sauke allonsa ya ce katako ne mai kyau, zai yi benci.

Yau Auta tana da nata ɗakin da nata agogon! Wani ɗan ajinsu da ya yi irin kuskurenta, shi kuma ɗakin likita ne ya tafi da hankalinsa, ya canza fom ana saura kwana ɗaya. Yanzu yana ƙwarewa a ciwon hankali, yana turo mata marasa lafiya, tana tura masa.

Malama, ke ce mai hana yaro ɓata kafin ya kama hanya. Ke ce ba ki taɓa zaɓar wa kowa ba, kin dai hana kowa zaɓe a makance. Ba a taɓa kiranki gaban taro an miƙa miki ko kofi ba, amma akwai gidajen da ake barci lafiya saboda wayar da kika buga. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma ga abin da ba ku sani ba. Hukumar makaranta ta ce ba za a ɗauki wani a madadinta ba, wai kowane malami zai iya ba da shawara. Kowane malami! Nan da wata uku yara ɗari biyu za su cike fom, kuma masu duba musu irina ne. Ranar Asabar ƙarfe goma akwai taron iyaye. Ku je, ku miƙe tsaye, ku nemi a faɗa muku wanda zai gaji Malama da ranar da zai fara aiki. Kada ku zauna sai an ba ku amsa.